Kibod mai ruwan azurfa a wani shagon Aboabo: nazarin lamari

Shagon yana bakin titi a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, tsakanin mai sayar da katin waya da wata mai koko da ƙosai. Da can kafe ne na intanet, irin wanda samari ke biyan kuɗin awa su tare a Facebook. Da waya ta shiga aljihun kowa sai wannan kasuwa ta mutu, shagon ya koma wurin cike fom da buga takardu: duba sakamakon WAEC, duba makarantar da aka tura yaro bayan jarrabawar BECE, neman fasfo, cacar bizar Amurka idan lokacinta ya yi, katin ɗaurin aure, takardar haya. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017, makon da aka saki jerin makarantu har waje layi yake kaiwa.

Mutum uku ke da bakin magana a shagon. Akwai Alhaji mai jarin, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda har gobe da tsohon kuɗi yake lissafi: sidi 100 a bakinsa miliyan ɗaya ne, ko da yake an canza kuɗin tun 2007. Akwai ɗan ƙanwarsa, saurayi mai son tsabta da tsari, shi ke buɗewa da rufewa. Sai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Anti, wadda a kan tafireta ta koyi aiki, ta yi shekaru tana buga takardun rantsuwa kafin ta zo nan. Ni mai gyaran kwamfuta ne, ba ma'aikacin shagon ba. Idan abu ya lalace ake kirana, don haka mafi yawan labarin nan a gaban idona ya faru, sauran kuma daga bakinsu na ji.

Yadda aka yanke shawarar

A watan Agusta aka yi wa shagon kwaskwarima. An yi fenti, an shimfiɗa tayil, an ɗora gilashi a kan tebura takwas ɗin da ke ciki. Da aka gama, sai tsofaffin baƙaƙen kibod da maus suka zama kamar tsumma a kan sabon gado. Saurayin ya ce da Alhaji: "Kawu, mutum yana leƙowa ya ga baƙin kibod mai ƙura, zai ɗauka aikinmu ma haka yake. Mu sayi farare masu ƙarfe, irin na banki."

Alhaji bai san komai a kan kwamfuta ba, amma mutum ne da ya yi shekaru yana raba sabon goro da daushe. Tambaya ɗaya ya yi: "Ƙarfe ne, ko launin ƙarfe?" Yaron ya ce ƙarfe ne mana. Aka ba shi kuɗi.

Ban ga laifin yaron ba a kan wannan sha'awa, don ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Wanda ya riski tsofaffin kwamfutoci ya san launinsu ruwan madara ne mai komawa rawaya in ya tsufa. Kibod ɗin IBM da ake kira Model M, wanda ya fito a 1985, roba ce a waje, amma a cikinsa akwai farantin ƙarfe mai nauyi da ba a gani. Daga baya baƙi ya mamaye ofisoshi. A watan Agusta na 2007 Apple ya fito da siririn kibod na alminiyam mai fararen maɓallai, tare da sabuwar iMac ɗinsa, kuma tun daga nan ruwan azurfa ya zama alamar tsada a idon mai saye. Da ana ɓoye ƙarfe a ciki don ƙarko, yanzu ana fito da shi fili don a gani. Da ido ya saba da haka, ƙananan masana'antu suka gane cewa ba sai sun sa ƙarfen ba, launinsa kaɗai ya isa ya sayar da kaya.

Abin da ke cikin kwalayen

Daga Adum, unguwar kasuwanci da ke tsakiyar Kumasi, ya sayo su, a shaguna daban-daban saboda bai sami takwas iri ɗaya ba. Da na zo haɗawa na jera su a tebur, sai na ga kaya iri uku ne sanye da riga ɗaya.

Huɗu roba ce zalla da aka fesa wa fenti ruwan azurfa. Uku kuma gindinsu roba, an manna siririn farantin alminiyam a sama, inda maɓallai ke leƙowa. Ɗaya tak ne jikinsa alminiyam na gaske, kayan gwanjo daga Turai, irin wanda a nan ake ce wa hom-yus. Maus kuwa dukkansu roba ce mai fenti.

Yaron ya ce ya gwada da mayen ƙarfe a kasuwa, bai kama ko ɗaya ba, mai kayan ya ce ai haka alminiyam yake. Mai kayan bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi gaskiya ba. Mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam, ba ya kuma kama roba, don haka gwajin bai raba komai ba. Na ɗauki ɗaya na manna masa a kumatu, na ɗauki wani na sake mannawa. Na gasken ya ji shi da sanyi kamar randa, na fentin kuwa ɗumi-ɗumi. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya sanyi a ɗakin ba ne. Zafi yana ratsa alminiyam kusan sau 1,000 fiye da roba, don haka yana saurin janye zafi daga fata, shi ya sa jiki ke jin sanyi. Sai nauyi: alminiyam ya ninka robar da ake yin kibod da ita fiye da sau biyu da rabi. Na kife na fentin na nuna masa tambarin ABS, wato sunan nau'in robar, da aka zuba a jikinta, na kuma kankare wani lungu da farce, baƙi ya leƙo.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne yadda launin ya zauna. Fenti a kan roba shafe ne, kamar lalle a tafin hannu. Alminiyam mai kyau kuwa ba fenti ake masa ba. Ana tsoma shi cikin ruwan asid a sakar masa wutar lantarki, sai fuskarsa ta yi wani ɓawo mai tauri daga jikin ƙarfen kansa, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Ɓawon yana da ƙananan ramuka, a cikinsu ake zuba launi in ana so, sannan a toshe. Shi ya sa ba ya ɓarewa. Duk da haka ba a ce ba ya tsufa ba: gishirin gumi yakan yi masa ɗige-ɗigen baƙi a inda tsintsiyar hannu ke kwanciya, amma sai an shekara ana amfani.

Yaron ya yi shiru, sannan ya roƙe ni kada in faɗa wa kawunsa tukuna. Ban faɗa ba. Wannan kuskurena ne na farko a lamarin.

Anti ce kaɗai ta ƙi karɓar sabon. Ta danna maɓallai biyu-uku ta ture shi gefe. Da Alhaji ya zo ganin gyara ta ce: "Alhaji, ku bar mini nawa. Ni da yatsa nake gani, ba da ido ba." Hujjarta mai ƙarfi ce. Tsohon baƙin kibod ɗinta maɓallansa dogaye ne, suna nutsewa sosai, fuskarsu da ɗan kwari da ke riƙe yatsa. Sababbin kuwa shafaffu ne, da an taɓa sun kai ƙasa. Mai buga shafi biyu ba zai damu ba. Wadda ke wuni tana bugawa tana jin kamar tebur take duka. Aka bar mata nata, amma aka mayar da teburinta can kusurwa don kada ya ɓata tsarin.

Makonnin farko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mutane na shigowa suna yabawa, 'yan makaranta na ɗaukar hoto. Matsala ɗaya ce ta fito nan take: maus ya ƙi tafiya a kan gilashi. Maus na yau da haske yake duba ƙasa, yana ɗaukar hotunan ƙananan tabo yana kwatanta su, kuma gilashi ba shi da tabon da zai gani. Akwai masu iya aiki a kansa, irin fasahar Darkfield da Logitech ya fito da ita a 2009, amma ba irin kuɗinsu aka kashe ba. Sai aka koma shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowane maus, a kan gilashin da aka saya don kyau.

Kafin watan Nuwamba ya ƙare, fentin ya fara tona asiri. A kan maus ya fara, daidai inda babban yatsa ke riƙewa da inda manuniya ke dannawa. Hannun da ke shigowa shagon nan ba hannun ofis mai sanyi ba ne. Hannu ne da ya ci ƙosai yanzu, ya yi gumi a cikin tirotiro, wato ƙaramar motar haya, sannan aka fesa masa sanitaiza a bakin ƙofa, al'adar da ta zauna tun 2020. Maiƙo da gumi da sinadarin sanitaiza duk suna cin fenti. Baƙin maus in ya goge sheƙi kawai yake yi, ba mai lura. Mai ruwan azurfa in ya goge sai ya yi dabbare-dabbare kamar mai makero. Abin da aka saya don a kore kamannin tsufa, shi ya riga kowa tsufa.

Hunturu

A ƙarshen Disamba aka kira ni da gaggawa: kibod yana jan mutane. Wata yarinya ta zo cike fom ta yi ƙara ta ture kujera, uwarta ta yi faɗa har maƙwabta suka taru. Alhaji ya ce a kwashe masu ƙarfen duka a zubar.

Da na zauna na saurari kowa, sai na gane abu biyu ne aka haɗa aka ba su suna ɗaya. Na farko tas ɗin nan ne na lokacin hunturu, wanda ke faruwa sau ɗaya in ka taɓa ƙarfe ya wuce. Iska ta bushe, mutum ya zauna a kujerar roba da rigar leda yana motsi, caji ya taru a jikinsa, da ya taɓa ƙarfe sai ya sauka. Irinsa ake ji a ƙofar mota. Yana firgitarwa amma ba ya lahani, kuma da damina ta sauka yake ɓacewa.

Na biyun shi ne ya tayar mini da hankali. Yaron ya ce shi tun watan Satumba yake jin wani zir-zir in ya shafa farantin, kamar ƙarfen yana rawa a ƙarƙashin yatsa, musamman in ya cire takalmi bayan alwala yana tsaye a kan tayil. Ya ɗauka haka ƙarfe yake. Na sa testa a bakin farantin, ta kawo wuta. Na auna da mita tsakanin jikin kwamfutar da ƙasa, ta nuna sama da folt 100.

Ga yadda abin yake. Wutar Gana folt 230 ce, kuma fulogin da aka fi amfani da shi mai ƙafa uku ne irin na Ingila, ƙafar sama ita ce ta wayar ƙasa. A cikin akwatin wutar kowace kwamfuta akwai ƙananan kafasita da ke tace hayaniyar lantarki, suna zubar da 'yar wuta kaɗan a jikin akwatin, ita kuma wayar ƙasa ta kwashe. In babu wayar ƙasa, jikin akwatin sai ya tsaya a wajen rabin wutar gida, yana jiran wanda zai taɓa. Igiyar kibod tana da rigar waya a ciki da ke haɗe da jikin kwamfutar, kuma a waɗannan kibod ɗin rigar tana taɓa farantin. Daga nan sai yatsa, sai ƙafa, sai tayil. Wutar da kwamfuta ɗaya ke zubarwa kaɗan ce ƙwarai, amma a nan kwamfuta takwas ne da firinta a kan ekstenshan da aka jona wani cikin wani, kowacce tana ƙara nata.

Na kwance ekstenshan ɗaya: rami uku a waje, waya biyu a ciki. Na duba igiyoyin kwamfutocin, uku daga ciki masu ƙafa biyu ne irin na Jamus, waɗanda ake tura murfin biro a ramin sama a cusa su da ƙarfi. Irin wannan fulogi wayar ƙasarsa a gefe take, ba ta taɓa komai a soket ɗinmu. Na bi wayar ginin har waje, na tarar sandar da aka kafa a ƙasa an gutsure wayarta, wataƙila tun lokacin da aka gyara kwata.

Na ce da Alhaji: "Alhaji, an bar jaki ana dukan taiki. Wutar nan ta fi shekara nawa tana jikin kwamfutocinku. Roba ce ta rufe ta, ƙarfe ya faɗa muku." Haɗarin ma ba zir-zir ɗin ba ne. Ranar da waya mai wuta ta kuɓuce ta taɓa jikin akwati a ciki, babu hanyar da za ta bi ta ƙona fis, sai dai ta jira mutum. Anti ta ce ita ma takan ji in ta sunkuya sa filas ɗin ajiye bayanai a bayan kwamfuta, ta daina faɗa ne don ba mai saurara.

A ranar ne kuma maganar fenti ta fito, don Alhaji ya tambayi dalilin da huɗu ba sa ja. Ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ashe launin ƙarfe ne." Ya dube ni ma, bai ce komai ba, kuma na gwammace da ya yi faɗa.

Zakari ya koma Yakari

Kibod ɗin alminiyam na gasken, wanda ya fi kowanne kyau da tsada, nasa aibin daban ne, kuma ni ban lura da shi ba ranar haɗawa saboda ba na duban maɓallai in ina bugawa. Daga ƙasar masu jin Jamusanci ya fito, inda harafin Z ke zaune a mazaunin Y, Y kuma a mazaunin Z. Kwamfutar kuwa an saita ta a tsarin Turanci. Duk wanda ya dubi maɓalli ya danna inda aka rubuta Z, Y ce za ta fito. A wani gari wannan ƙaramin abu ne. A Zango kuwa, inda rabin sunaye Zakari ne da Yakubu da Zainab da Yahaya, kuma a fom ɗin da harafi ɗaya ke sa sunan mutum ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, ba ƙarami ba ne. An yi sa'a Anti ce ke duba fom kafin a tura, ita ta kama guda biyu.

Sai maganar Larabci. Shagon yana buga katin walimar saukar Alƙur'ani da takardun makarantun Islamiyya, don haka ana manna sitikar haruffan Larabci a kan maɓallai. Sitikar da ke shagon fararen haruffa ce a kan leda mai gani-har-hanji, an yi ta don baƙin kibod. A kan fararen maɓallai ɓacewa ta yi. Haruffan bokon da ke jikin sababbin ma ruwan toka ne a kan fari, dattawa masu raunin ido sai sun sunkuya. Ƙ da ɗ da ɓ namu, da ɛ da ɔ na Asante, dama babu su a jikin ko wanne, fari ko baƙi, sai an saita a cikin kwamfuta.

Wani abu yakan zo mini a rai in na riƙe wannan kibod. Ƙasar da ake tace alminiyam daga cikinta tana nan a Awaso ana haƙa, akwai ta kuma a Nyinahin cikin jihar Ashanti ɗin nan. An gama dam ɗin Akosombo a 1965, masana'antar Valco ta Tema ta fara narka alminiyam a 1967. Maƙeranmu suna zuba tukwane da shi kullum. Amma faranti mai faɗin tafin hannu biyu sai ya tsufa a Turai kafin ya iso Adum.

Abin da aka yi

Kuɗin da Alhaji ya yi niyyar sake sayen kibod da su, wurin mai haɗa wuta suka tafi. An kafa sabuwar sanda a ƙasa, an ja waya, an sa soket a bango kusa da kowane tebur, an zubar da ekstenshan masu waya biyu, an canza igiyoyin nan uku. Na sake aunawa, mita ta kwanta. Zir-zir ya tafi. Tas ɗin hunturu bai tafi ba, don shi a jikin mutum yake taruwa. An rage shi da goge tayil da jiƙaƙƙen tsumma safe da rana, da sauya kujerun roba biyu da na katako.

Na ba da shawarar a mayar da baƙaƙe ko'ina. A nan yaron ya ƙi, kuma da na sake tunani na ga yana da gaskiya a rabi. Masu farantin guda uku ba su goge ba, ba sa zamewa a kan gilashi, ba sa lanƙwasa in an danna da ƙarfi, ƙurar hunturu ma ba ta fitowa a jikinsu kamar yadda take fitowa a baƙi. Tsumma ɗaya ya isa. Aka bar su a teburan gaba, inda mai zuwa ke zama minti goma ya tashi. Masu fenti huɗun aka kwashe, aka dawo da tsofaffin daga sito.

A kan maus ba mu yi gardama ba. Kibod zama yake yi, nauyi ado ne a gare shi. Maus kuwa yini ake ana tura shi, shi ya sa masu ƙera na 'yan wasan kwamfuta ke ta rage masa nauyi, har Logitech ya fitar da wani a 2020 da bai kai giram 63 ba. Ko a masu tsada irin MX Master 3, ƙarfen a tayar tsakiya aka sa shi, jikin da hannu ke riƙewa ba ƙarfe ba ne. Muka sayo baƙaƙe marasa fenti, waɗanda launinsu a cikin robar yake, da 'yan shimfiɗu na yadi maimakon takarda.

Na alminiyam ɗin yana kan teburin karɓar kuɗi a bakin ƙofa, yaron ne kaɗai ke taɓa shi, shi ma ya koyi bugawa ba tare da ya duba ba. An dawo da teburin Anti kusa da taga. Zuwana na ƙarshe na tarar harafin A da na E sun goge sarai a kibod ɗinta, na ce in kawo mata wani irinsa. Ta ce in kawo, amma in ajiye a sito.